Biyan dala don imel ɗinka ya daina faɗawa sifam: satifiket ɗin nan ya ci kuɗinsa kuwa?

Duk mai tura imel da yawa a garin nan na Kaduna, ko makarantar kuɗi ce da ke tura wa iyaye sakamakon yara da takardar kuɗin zango, ko ƙungiya mai tura rahoto ga masu ba ta tallafi, ko yaran nan masu ƙera manhaja a Barnawa da Unguwar Rimi da ke tura wa kwastomomi lambar shiga, akwai ranar da za a ce mai "ni fa ban ga saƙonka ba", a je a duba a same shi kwance a sifam tare da tallan maganin ƙarfin maza da wasiƙun 'yan damfara. Daga nan sai a shiga neman magani, kuma abin da ya fi saurin ɗaukar hankali shi ne wai akwai kamfanonin da za ka biya su ba ka satifiket na amintaccen mai tura saƙo, shikenan saƙonka ya riƙa wucewa ba mai tare shi. Abin ba ƙarya ba ne, akwai shi kuma ya daɗe. Amma ni dai a ganina ga yawancinmu a Kaduna kuɗin nan asara ne, ba don satifiket ɗin na bogi ba ne, a'a, ƙofar da yake buɗewa ce ba ita mutanenmu suke bayanta ba.

Yadda abin yake aiki ba wani sirri. Kamfanin yana riƙe da jerin lambobin IP, wato adireshin sabar da saƙo ke fitowa daga cikinta a intanet, na masu tura saƙo da ya bincika ya yarda da su, su kuma wasu masu karɓar imel suna leƙa jerin nan kafin su yanke hukunci kan saƙon da ya iso musu, in sun ga lambarka a ciki sai su sassauta maka, su rage tsananin tacewa, wani lokacin ma su bar ka ka turo da yawa a lokaci ɗaya ba tare da sun ce dakata ba. Wanda ya fi suna yanzu shi ne na kamfanin Validity, wanda asalinsa na Return Path ne kafin Validity ta saye su a 2019, shi ma Return Path ɗin gadonsa ya yi daga wani shiri na IronPort mai suna Bonded Sender da ya karɓa a 2005, wanda a lokacin har kuɗin jingina mai turawa yake ajiyewa, in mutane sun yi ƙorafi a kansa a yanka daga ciki. A Jamus akwai Certified Senders Alliance (CSA) da ƙungiyar kamfanonin intanet ta eco da ƙungiyar 'yan talla ta DDV suka kafa a 2004, wanda manyan masu imel na can irin GMX da WEB.DE suke girmamawa. Akwai kuma wanda ya mutu, Goodmail, da ya fito da tsarin a biya kuɗi kan kowane saƙo ɗaya, AOL da Yahoo suka rungume shi a 2006, aka yi ta hayaniya a Amurka ana cewa haraji ne aka ɗora wa imel, ƙarshe a 2011 kamfanin ya rufe. Duk wanda ya jingina da shi a lokacin sai ya wayi gari ba satifiket ɗin ba kuɗin.

Toh ga inda gizo ke saƙa. Satifiket ɗin nan tamkar takardar shaida ce daga mai unguwa, tana aiki ne kawai a ƙofar da mai gadin ya san sa hannun kuma ya yarda da shi, in ka kai ta wata ƙofar takarda ce kawai. Na Validity, waɗanda aka fi saninsu da kula shi su ne Microsoft, wato masu Outlook da Hotmail, sai Yahoo da AOL da wasu kamfanonin intanet na Amurka irin Comcast, sannan manhajar tace sifam ta SpamAssassin da ake samu a hostin da yawa tana da ƙa'idar da ke rage wa wanda ke cikin jerin makin laifi. Gmail fa? Gmail ba ya ciki. Google sun rubuta ƙarara a ƙa'idojinsu na masu tura saƙo cewa ba sa karɓar roƙon a saka wani a jerin 'yan lele, kuma ba su lamunce wa kowa cewa saƙonsa zai tsallake matatarsu ba. Nasu lissafin daban ne, suna kallon halin domen ɗinka, wato sunan da ke bayan alamar @ a adireshinka, da kuma yadda mutane ke yi da saƙonka, sun buɗe, sun amsa, sun goge ba su karanta ba, ko sun danna cewa sifam ne.

Yanzu dan Allah ɗauko jerin adireshin da kake tura wa saƙo, buɗe shi a Excel, ka ware abin da ke bayan alamar @ ka ƙirga. In dai jerin mutanen Kaduna ne, iyayen yara ne ko ɗaliban KASU da na Kadpoly ko 'yan kasuwa, na tabbata abin da za ka gani gmail.com ne layi bayan layi, don kusan duk mai wayar Android sai da aka buɗe masa Gmail ranar da ya saye ta, wasu ma mai shagon ne ya buɗe musu ba su san kalmar sirrin ba. Sai ɗan Yahoo nan da can na iyayenmu da suka fara imel a kafe shekarun baya, Hotmail kuwa sai ka yi da gaske kafin ka tsinci kaɗan. Kaga kenan za ka biya kuɗi da dala, wanda ake sabuntawa duk shekara kuma yana hawa gwargwadon yawan abin da kake turawa, don ka gyara alaƙarka da ɗan ƙaramin ɓangaren jerinka, babban ɓangaren yana nan yadda yake. Dalar ma ba ta da ba ce, kafin a saki naira a Yunin 2023 a hukumance tana wajen 460, farkon 2024 ta haura 1,500, ga kuma wahalar da aka sha a lokacin ta samun katin da zai yarda ya biya a waje.

Abu na biyu da masu tallan ba sa fara faɗa maka, ba kowa ake ba satifiket ɗin ba ko da ya zo da kuɗinsa a hannu. Sai an bincike ka. Suna son ka kasance da IP naka kai kaɗai wanda ya ɗan jima yana aiki, suna son SPF da DKIM, shaidun da ke nuna saƙon daga gare ka yake da zan yi bayaninsu a gaba, su zama daidai, ƙorafin mutane a kanka ya zama kaɗan, su ga yadda ka samo adireshin mutane da hujjar cewa sun yarda, su ga hanyar cire suna tana aiki. In an ba ka kuma daga baya ƙorafi ya yi yawa sai a dakatar da lambarka, kuɗinka kuwa ya riga ya tafi. Wato wanda saƙonsa ke faɗawa sifam saboda aikinsa a hargitse yake ba zai ci jarrabawar ba, wanda kuma ya gyara komai har ya cancanta, galibi kafin ya gama gyaran matsalar tasa ta ragu sosai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka da me za ka fara.

Maganar IP naka kai kaɗai ma tana da nata rikicin. Samunsa ba tsada sosai, a Amazon SES, sashen tura imel na Amazon, wajen dala 25 ne a wata, amma sabon IP ba wanda ya san shi, sai ka riƙa ƙara yawan saƙo a hankali na makonni kafin a saba da shi, kuma yana son aiki kullum ba yankewa. Makarantar da ke tura saƙo dubu uku ranar da aka fitar da sakamako sannan ta yi shiru wata uku, in ta koma IP nata ita kaɗai ƙara jefa kanta za ta yi, don a idon matatar IP ɗin da ya kwana biyu shiru ya tashi rana ɗaya ya zubo dubbai alamar an yi masa kutse ne. Irin waɗannan gara su zauna cikin IP na haɗaka a kamfani mai tsaron mutuncinsa.

Abin da ya canza wasan gaba ɗaya shi ne sanarwar da Google da Yahoo suka yi a Oktoban 2023, ta fara aiki Fabrairun 2024. Duk mai tura wa Gmail saƙo, ko kaɗan ne, dole ya kasance da SPF ko DKIM. Wanda kuma yake kai wajen saƙo 5,000 a rana dole ya haɗa duka biyun, ya ƙara da DMARC, sunan domen da ke kan saƙon ya dace da wanda ya sa hannu, saƙon talla ya zo da hanyar cire suna ta dannawa ɗaya kuma a cire mutum cikin kwana 2, sannan ƙorafi kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, sun ma fi son ya tsaya ƙasa da 0.1. Yi lissafin da kanka, 0.3 ɗin nan mutum uku ne cikin dubu, in ka tura wa mutum dubu biyu shida suka ji haushi suka danna sifam ka taɓo layin. Microsoft ma ta biyo baya daga 5 ga Mayun 2025, mai tura sama da 5,000 a rana zuwa Outlook da Hotmail ba tare da SPF da DKIM da DMARC ba saƙon ma ba zai shiga ba, dawo masa da shi za a yi da lambar 550 5.7.515. Ka lura, ko a ɗaya daga cikin ƙa'idojin nan ba a ce ka sayi satifiket ba, kuma duk abubuwan da aka lissafa kyauta ne, sai dai lokaci da natsuwa.

SPF layi ɗaya ne da kake rubutawa a DNS, wato rajistar bayanan domen ɗinka da kowa ke iya leƙawa, kana cewa ga sabobin da na yarda su tura saƙo da sunana. DKIM sa hannu ne na lissafi da sabar ke manna wa kowane saƙo, mai karɓa ya gwada shi da makullin da ka wallafa. DMARC kuma shi ne kake faɗa wa duniya abin da za a yi da saƙon da ya zo da sunanka amma ya faɗi gwajin, a ƙyale shi, a jefa shi sifam, ko a ƙi shi, kuma a riƙa turo maka rahoto. Ana farawa da p=none, wato a ƙyale shi, a yi makonni ana karanta rahoton, don a nan ne za ka gano ashe manhajar akawunku ma tana tura rasit da sunan domen ɗin ba wanda ya tuna, in ka yi gaggawar sa p=reject, wato a ƙi shi, kai da kanka za ka toshe rasit ɗinka. SPF ma yana da tarko, ba a yarda ya wuce leƙe 10 a DNS ba, masu jibga Google da Mailchimp da hostin da wani tsohon kamfanin da suka daina amfani da shi duk a layi ɗaya sukan wuce ba su sani ba, kuma in ka rubuta SPF guda biyu a domen ɗaya duka sun lalace.

Gwajin da zai nuna maka inda kake bai kai minti biyu ba. Tura wa kanka saƙo zuwa Gmail daga ainihin inda kake tura wa jama'a, buɗe shi a kwamfuta ba a waya ba, danna ɗigo ukun nan na gefen dama ka zaɓi Show original. A sama za ka ga ɗan tebur, SPF, DKIM, DMARC, kowanne da PASS ko FAIL a gabansa. Kada ka tsaya a PASS ɗin kawai, duba sunan domen da ke kusa da DKIM, in ka ga sunan kamfanin da kake turawa ta wajensu maimakon naka, to sa hannun nasu ne ba naka ba, mutuncin da ake tarawa ma ba a asusunka yake taruwa ba. Sannan ka yi rajistar domen ɗin a Google Postmaster Tools, kyauta ne, in kana tura da ɗan yawa kullum zai nuna maka kason ƙorafinka. Microsoft na da nasu mai suna SNDS na masu IP, Yahoo ma suna da tsarin da suke sanar da kai duk wanda ya kai ƙararka. Kusan rabin abin da ake sayar maka a matsayin rahoton satifiket, ga tushensa nan a buɗe.

Akwai wata makarantar kuɗi a wajen Malali da aka kira ni in duba musu, mai makarantar ta riga ta sa an nemo mata farashin satifiket, tana cewa "Injiniya ni dai ko nawa ne a biya a huta, iyaye sun dame ni." Na ce Hajiya bari mu ga daga ina saƙon yake fita tukuna. Ashe daga hostin ɗin shafin makarantar ne, irin mai arha na shekara-shekara da ake cusa ɗaruruwan shafuka kan IP ɗaya, muka saka lambar a shafin Spamhaus, masu riƙe da jerin lambobin da ke tura sifam, sai ga ta a jerin baƙi, ba laifinsu ba, wani maƙwabcinsu ne a sabar aka yi wa kutse yana ta aman sifam. A wurin sunan mai turawa kuma adireshin Yahoo na akawun makarantar aka sa, alhali tun 2014 Yahoo ta sa p=reject, ma'ana duk saƙon da ya ce shi daga yahoo.com yake amma bai fito daga sabar Yahoo ba a ƙi shi. Kan saƙon da manyan baƙaƙe, URGENT PAYMENT, a ciki lambar asusun banki da hoton takarda ɗaya ba rubutu. Na ce Hajiya tsakani da Allah in ke ce matatar, wannan da wasiƙar 419 wa za ki bambance? Ta yi dariya ta ce a kira mata akawun. Jerin adireshin kuwa daga fom ɗin da iyaye suka cike da biro aka kwafe shi, ga gmial.com ga gmail.con ga na yaran da suka gama shekaru da suka wuce. Ba abu ɗaya cikin waɗannan da satifiket zai taɓa, hasali ma ba za a karɓe su ba.

Maganar jerin nan ita ce mutane suka fi raina wa kuma ita ta fi kashewa. Adireshin da ya mutu yana dawo da saƙo, in dawowar ta yi yawa an san ba ka kula da jerinka. Wasu matattun ma ana mayar da su tarko, duk wanda ya turo musu an gane tsohon jeri yake amfani da shi ko saye ya yi. Google ma tun Disambar 2023 ta fara goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba, toh ka tuna yawan Gmail ɗin da aka buɗe don rajistar JAMB kawai aka watsar. Masu sayar da "imel dubu hamsin na 'yan Kaduna" a WhatsApp kuwa guba suke sayarwa, ban da lalata domen akwai doka, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da hukumar NDPC ke kula da ita ta ce sai da yardar mutum za ka tura masa talla. Gyaran mai sauƙi ne amma yana da ciwo, duk wanda ya yi rajista a tura masa saƙon tabbatarwa sai ya danna, wanda ya yi watanni bai taɓa komai ba a cire shi ko da jerin zai ragu da rabi. Kuma kar a dogara da adadin "waɗanda suka buɗe" kaɗai, tun 2021 manhajar imel ta Apple take buɗe hotunan saƙo da kanta, sai lissafin ya kumbura, danna linki da amsawa sun fi gaskiya.

Sai a bar hostin ɗin shafi ya yi aikin shafi, saƙo ya bi ta kamfanin da sana'arsa kenan, Amazon SES na karɓar santi 10 kan saƙo dubu, akwai Brevo da Mailgun da Postmark da SendGrid, kowanne zai ba ka layukan da za ka liƙa a DNS. A raba kuma, rasit da lambar shiga su fita ta ƙaramin domen daban, talla ta wani daban, don ranar da tallan sallah ya jawo ƙorafi kada ya ja lambar shigar kwastoma su nutse tare. Ko a nan ma za ka iya tambayarsu ko IP ɗinsu na cikin wani jerin amintattu, wasu sun riga sun biya, ka ci arziki ba ka kashe ko sisi ba. Cire suna daga Spamhaus ma kyauta ne in an gyara matsalar, duk wanda ya ce kawo kuɗi ya cire ka daga can, ka riƙe aljihunka.

Kada kuma a rikita wannan da BIMI, wancan mai sa tambarin kamfani ya fito a gefen saƙo, har da alamar shuɗi da Gmail ya fara nunawa a 2023. Shi ma akwai satifiket na kuɗi a ciki, VMC, da irin su DigiCert ke bayarwa, yana son tambarin da aka yi wa rajista a hukumance da DMARC da ya kai quarantine ko reject, wato a jefa sifam ko a ƙi. Ado ne da kariya daga masu kwaikwayon sunanka, banki ko kamfanin kuɗi na waya zai amfana, amma ba tikitin shiga akwatin saƙo ba ne.

Wa ya kamata ya saya kenan? Akwai su, ba na musu. Kamfanin da ke tura dubban ɗaruruwa a wata ba fashi, yana da IP nasa, ya gama duk gyaran da na faɗa, ya duba alƙaluma ya ga Gmail lafiya lau amma Outlook da Hotmail ne ke riƙe masa saƙo ko suna jinkirta shi, kuma mutanen da ke can suna da yawan da kuɗin da suke kawowa ya fi kuɗin satifiket, misali mai harka da 'yan ƙasar waje ko mai fitar da citta da zoɓo da abokan cinikinsa ke Jamus, wanda shi ma na CSA ya fi dacewa ya tambaya ta wajen kamfanin da yake turawa. Ko shi ɗin kafin ya sa hannu ya nemi a rubuto masa sunayen masu karɓar imel da ke aiki da jerin a yanzu, ba na shekarun baya ba, don suna shiga suna fita, ya tambaya ko sassaucin ya shafi adireshin ofisoshi da ke kan Microsoft 365 ko na Outlook.com na gama-gari ne kawai, ya ji me ke jawo dakatarwa da kuma ko ana mayar da wani abu in an dakatar. Sannan ya ajiye alƙaluman Outlook da Yahoo na wata biyu ko uku kafin ya shiga, a ware su daban da na Gmail, don lokacin sabuntawa in ya zo da su zai gwada, ba da jadawalin da mai sayarwa zai turo masa ba.